Ni Na Rufe Famfon Masallaci

"Maimaita abin da ka ce!"

A ƙofar gidanmu nake tsaye, raina a ɓace.

Na'ibi ya sunkuyar da kai. "Cewa na yi ki ɗan sassauta, Sahibata. A bari ƙurar ta lafa..."

"Ta lafa? Yara tara ke kwance a asibiti suna amai da gudawa!"

Gwajin ruwa ne aikina a hukumar lafiya. Ni na ɗebo ruwan famfon masallacin unguwarmu, na gwada har sau uku, sakamako ɗaya: ƙazantar masai ce ke tsiyaya cikin rijiyar da ke ba famfon ruwa. Ni na sa hannu aka garƙame famfon da kwaɗo. Shugaban kwamitin masallacin kuwa Abbana ne. Wanda ya haƙa rijiyar ɗan Gwaggo ne, ɗan kwangila, wanda ya nemi aurena na ƙi. Shi kuma wannan da ke gabana mataimakin liman ne, saura wata biyu a ɗaura mana aure.

"Ka ji saƙon muryar da ɗan Gwaggo ya watsa a wayoyi? Wai 'yar boko ta hana Musulmi alwala! Jiya a bakin titi wata ta tofar da yawu da ta gan ni. Kai ka ga takardar gwajin da idonka, me ya hana ka magana?"

"Abbanki ne ya ɗora ni a kujerar nan. In na saɓa masa, na rasa ki."

"Ai ka riga ka rasa ni!"

Na banko ƙofa na shige.

A falo na tarar da Abba, ɗan Gwaggo na gefensa yana jan carbi kamar na Allah.

"Gobe ki je ki cire kwaɗon nan," in ji Abba, ko kallona bai yi ba. "Shekara talatin ina hidimar ɗakin Allah, a ce 'yar cikina ce za ta kunyata ni?"

"Abba, ba masallaci na rufe ba. Famfo na rufe."

"Ruwan da aka yi wa addu'a ranar buɗewa?" ɗan Gwaggo ya girgiza kai. "Ƙanwata, ki ji tsoron Allah."

Na kalli gorar ruwan kanti da ke gefen ƙafarsa.

"Yaya, in albarkar ta kai haka, me ya sa ba shi kake sha ba?"

"Ke!" Abba ya daka mini tsawa. "In ba ki janye ba, babu ke babu auren nan!"

Umma ta ja ni ɗaki tana roƙona in yi shiru. Na yi kuka, amma ban janye ba.

Ranar Juma'a Liman ba shi da lafiya, Na'ibi ne zai hau mumbari. Kowa ya san kwamiti ya rubuta masa takarda: ya kira jama'a su ɗunguma zuwa ofishinmu bayan salla. Na zauna a sahun mata na baya, ana ta zunɗena. So nake in ji cin amanar da kunnena.

Ya buɗe takardar.

"An ba ni wannan in karanta," ya ce. "Ba zan karanta ba."



"Ruwan famfon nan gurɓatacce ne, na ga shaida. Mu da muke koya wa mutane tsarki, mu ne muka shayar da 'ya'yansu najasa, sannan muka ɓuya a bayan sunan Allah. Wadda ta rufe shi ta fi mu kare masallacin nan. Na sani tun farko na yi shiru. Ina neman gafarar Allah, da ta iyayen yaran."

Masallaci ya kaure!

"Ƙarya ne! Soyayya ce ta rufe masa ido!" muryar ɗan Gwaggo ke nan.

Sai telan unguwa ya miƙe, ya nuna ɗan Gwaggo. "'Yata kwana shida ana ƙara mata ruwa. Taku nawa ka bari tsakanin masai da rijiya? Fito mu je mu auna!"

Ɗan Gwaggo bai fito ba. Ta ƙofar gefe ya sulale.

Kafin la'asar kwamiti ya sauke Na'ibi. Washegari da safe Abba ya sa hula ya tafi asibiti shi kaɗai. Da ya dawo idanunsa sun yi ja.

"Uwata," ya kira ni da sunan da ya daina kirana, "yarinyar tela ba ta kai tsawon sandata ba..." Ya kasa ƙarasawa. "Kira mini yaron nan."

A ƙofar gida na sami Na'ibi, babu rawani, duk ya rame.

"Kwana goma ka bar ni ana zagina," na ce.

"Na bar ki. Tsoro na ji, hasken idona. Ba ni da wata hujja."

"Yanzu ga shi ba kujera."

"Babu. In har da ke, ban yi asara ba."

Na harare shi, hawaye na zubo mini.

"Ban huce ba fa."

"Zan jira."

"To ka jira a ciki. Abba na kiranka... kuma ka ɗaga kanka in za ka shiga."