Abokin Ashgar

Yammacin Talata ne, saura kaɗan a kira magariba. Saudatu tana zaune a kicin tana tsinkar ganyen mulukiyya na miya, ƙasa kuma a lungunsu na unguwar Utaibiyya a Makka masu shaguna sun fara jan ƙofofi za su tafi salla. Sai ta ji ƙwal a saman bene, kamar an jefi tankin ruwa da tsakuwa. Ta tsaya da ganye a hannu. Aka sake, ƙwal. Aka yi shiru, aka kuma.

Gidan hawa uku ne, su ne a na ƙarshe, kuma babu ginin da ya fi shi tsawo a kusa balle a ce daga can ake jifa. Ta san haka, amma ta ce wa kanta tantabaru ne. Ta ci gaba da aikinta. A lokacin ne ta ji fito, gajere biyu, dogo ɗaya. Fiton Mukhtaru ne, mijinta, wanda aka binne wata biyar da suka wuce. Da shi yake kiran karensa.

Ba ta yi ihu ba. Ta dai ajiye faranti a hankali.

Mukhtaru yana da garken tumaki a bayan gari, kan hanyar Laith, da kare mai gadi jaja-jaja da ake kira Ashgar. Manar, autarsu, ita ta raine shi tun yana kwikwiyo, da madara a murfin gwangwani, domin duk Juma'a ita ke bin ubanta garke. Da Mukhtaru ya rasu, babban ɗansu Talal ya sayar da tumakin, wanda ya saya kuma ya ce yana da karnukansa. Manar, mai shekara ashirin da biyu, ba ta zubar da hawaye ranar jana'iza ba, ba ta kuma ce komai ba har kwana uku. Da ta buɗe baki, cewa ta yi, "Ashgar fa?" Haka aka hau da shi saman bene, aka yi masa inuwa da tsohon bargo a gefen tanki. Tun daga nan can take cin abincinta. Saudatu takan tsaya a matakala ta ji ta tana yi masa hira ƙasa-ƙasa, har da dariya, abin da ba ta yi da kowa a gidan.

To, amma mutane. Matan da ke taruwa karatu a falon Saudatu suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabciyarta Khalida ce ta fito da maganar, tana riƙe da kofin shayin da ba ta kurɓa ba.

"Ya Ummu Talal, wallahi ba don komai ba. Amma kin san mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. To duk addu'ar nan da kike yi wa marigayi, a wane gida kike yin ta?"

Karatun Saudatu bai yi nisa ba. Maganar ta zauna mata a ƙirji. In ta ɗaga hannu bayan salla sai ta ji kamar ɗakin wayam yake. Ga wanki, duk kwanon da take zargin karen ya lasa sai ta wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa, har fatar yatsunta ta tsage.

Ita da kanta ta ce wa Manar ta bi ƙawayenta Harami ta yi wa ubanta ɗawafi. Da yarinyar ta fita, ta kira Talal ya kawo tasinsa. Ta hau sama da igiya, karen ya biyo ta ba gardama, yana kaɗa wutsiya. Ta ja ƙofar saman bene ta rufe da bismillahi, kamar yadda uwarta ta koya mata a kan kowace ƙofa. Ta rufe ƙofar motar ma da bismillahi. Suka ɗauki hanyar Sail su uku, suka dawo su biyu. Da Manar ta dawo, Saudatu ta ce mata ya tsinke igiya ya gudu. Manar ta dube ta, ta shiga ɗaki.

Kwana huɗu kenan da yin haka.

Saudatu ta miƙe daga kicin ta leƙa ɗakin Manar. Babu kowa. Ta hau matakala tana dafa bango, ta tarar da ƙofar sama a buɗe. Sama ta yi ja, ladanai sun fara kira daga ko'ina, wani na hawa kan wani. Manar tana tsugune a inda karen ke kwanciya, kai ba ɗankwali, tsakuwa warwatse kewaye da ita.

"Manar. Magariba ta yi, habibti. Sauko."

Yarinyar ta juyo. Fuskar tata ce, amma kallon ba nata ba ne. Manar a Makka aka haife ta, Larabci ne bakinta, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da cefane ba. Muryar da ta fito kuwa ta tsoho ce, busasshiya, da irin Hausar da Saudatu ba ta sake ji ba tun rasuwar kakarta.

"Baiwar Allah, ina kika kai shi?"

Kwana shida aka yi a haka. Da rana Manar takan kwanta ido buɗe, ba ci, ba magana, sai an ɗura mata ruwa da cokali. In rana ta karkata sai tsakuwa ta fara sauka a tanki, fito ya biyo baya, ita kuma ta rarrafa ta kwanta a bakin matakala, haɓa a kan hannuwa, tana kallon ƙofa. Likita ya duba ta ya ce bai ga komai ba sai rashin abinci. Saudatu tana dafa abinci, tana zubarwa. Tana salla, ba ta san raka'a nawa ta yi ba. Tsoron ma ya bar ta. Abin da ya rage kawai shi ne kallon wuyan hannun 'yarta yana sirancewa kullum.

A rana ta bakwai Talal ya je unguwar Shisha ya ɗauko Shaikh Awwalu, wani dattijo da iyayensa suka zo daga ƙasar Hausa ta Sudan, wanda aka sani da ruƙiyya. Ya iso bayan la'asar, ɗan siriri, yana jan numfashi saboda hawan bene. Ya ce a rufe yarinyar da mayafi, uwar ta zauna a kanta, Talal ya riƙe ƙafafu. Ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu, ba da ƙarfi ba. Ya daɗe yana yi. Hasken taga ya koma ruwan ɗorawa. Can sai jikin Manar ya ɗauki rawa, tsakuwa ta sauko a tanki kamar ruwan sama, sannan ta tsaya cak.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni a banza," in ji muryar tsohon.

"Wane ne kai?"

"Sunana ba zai amfane ka ba."

"Musulmi ne kai?"

"Na riga kakanka yin salla a wannan ƙasa. Da ayarin mahajjata masu tafiyar ƙafa na zo. Duk sun mutu, na zauna a kwarin da uban yarinyar nan ya zo ya kafa garkensa."

"To ka san zalunci haramun ne. Me yarinyar nan ta yi maka?"



"Ba ta yi mini komai ba. Ita ma nemansa take. A gidan nan mu biyu ne kaɗai ke nemansa."

"Neman wa?"

"Karen." Muryar ta ƙara yin ƙasa. "Malam, ka san shekara nawa ba wanda ya dube ni? Mutane ba sa ganina. Dabba in ta gan ni sai ta zabura. Shi kuwa ran da ya fara ganina ya yi haushi sau biyu, sannan ya zo ya kwanta a gefena. Shekara tara, duk yamma. Da aka kawo shi nan na biyo shi, ban taɓa kowa ba, ban fasa ko kofi ba. Ranar nan matar nan ta ja shi, ta rufe ƙofa da sunan da ba na iya buɗewa. Na tsaya a sama ina jin motar tana tafiya. Na yi ta jifa, na yi ta kiransa da kiran maigidansa. Ba wanda ya buɗe sai yarinyar, tana kuka, ba ta ambaci kowa ba."

Shaikh Awwalu ya juya wajen Saudatu. "Hajiya, ina karen?"

Bakinta ya buɗe da kansa. "Guduwa ya yi."

"Bai gudu ba," in ji muryar, ba da fushi ba. "Ba ya gudu."

Talal ya sunkuyar da kai. "Ummi," ya ce, bai ƙara ba.

Saudatu ta dubi mayafin da ke kan cinyarta. Ta san Manar tana ciki, a wani wuri ƙarƙashin muryar nan, kuma mai yiwuwa tana ji. In ta yi shiru, yarinyar za ta ci gaba da bushewa a bakin matakala. In ta faɗa, ba ta san da wane ido za ta sake dubanta ba.

"Ni na kai shi," ta ce. Muryarta ta fito a miƙe, kamar tana karanta takardar wani. "Hanyar Sail. Bayan gidan mai na biyu akwai wani kwari da bishiyar ƙaya guda ɗaya. A can na kwance igiyar. Ya bi motar da gudu. Na ce wa Talal kada ya tsaya."

Jikin da ke ƙarƙashin mayafin ya yi wata ajiyar zuciya mai tsawo.

"Ku bar mini ƙafafunta su kai ni. In na gan shi zan sake ta."

"Ko taku ɗaya ba za ka yi da ita ba," in ji Shaikh Awwalu. "Kwana goma sha ɗaya ne yanzu, a wannan zafi. Wataƙila ba za ka same shi ba. In ba ka same shi ba fa, sai ka riƙe ta har abada?"

"To ku dawo da shi."

"Ba mai yi maka alkawarin abin da ke hannun Allah. Ga abin da zan iya. Saurayin nan zai kai ka wurin da motarsa, yanzu. Za a bar maka ƙofofi a buɗe daga nan har titi. Kai kuma ka rantse da wanda ya halicce ka, ko ka same shi ko ba ka same shi ba, ba za ka dawo gidan nan ba."

A waje wani ya ja ƙofar shagonsa.

"In ya mutu, zan zauna inda yake. Na rantse." Sannan, a hankali, "Ku gaya wa yarinyar yana jin duk abin da take gaya masa."

Shaikh ya ce wa Saudatu ta tashi ta buɗe. Ta buɗe ƙofar ɗaki, ta falo, ta gida, ta sauka hawa uku ta buɗe ta titi, ta buɗe ƙofar bayan tasin. Magariba tana shigowa, lokacin da duk rayuwarta take bi tana rufe ƙofofi. Ta dawo sama ta tarar ƙafar hagun Manar tana karkarwa, ƙaramin yatsan ya miƙe, ya daɗe a miƙe, sannan ya saki. Labulen falo ya ɗaga sau ɗaya, alhali ba iska. Talal ya sauka. Ta taga Saudatu ta ga tasin ta fita daga lungu a hankali, gilasan baya a sauke, kujerar ba kowa.

Shaikh Awwalu ya tofa addu'a a ruwa, ya ce a ba ta kaɗan-kaɗan, ya tafi masallaci. Gidan ya yi tsit.

Manar ta buɗe ido bayan an idar da salla. Idonta ne. Saudatu ta ɗago kanta ta kai mata kofi baki, ta sha, ta sake sha. Ta daɗe tana kallon silin. Da ta yi magana, da Larabcinta ta yi, da muryarta, a dishe.

"Ummi."

"Na'am, habibti. Ga ni."

"Kun bar masa ruwa?"

Akwai ruwa a motar ranar, gora guda cike, a kan cinyar Saudatu. Har ta kama murfin, sai ta tuna na Zamzam ne, ta ga bai dace a zuba wa kare ba. Haka ta dawo da shi gida a cike.

Manar tana jira. Saudatu ta riƙe kofin da hannu biyu. Yarinyar ta ƙara dubanta kaɗan, sannan ta juya fuskarta wajen bango.