Muryar da Ke Cikin Akwatin Ƙarfe

Duk kwamfutar da ta bi ta hannun Injiniya, sabuwar haihuwa take fita, ba ta tuna kowa. Haka yake faɗa wa masu saye, kuma ba a taɓa jin kwamfuta ta musa ba.

Wata mata ta kai wa Insifekta ƙara: an ɗauke babbar kwamfutar marigayi mijinta, mai zanen gine-gine, daga ɗakin aikinsa. Ba a fasa ƙofa ba.

"Ba ƙarfen nake so ba, ranka ya daɗe. Hotunansa da muryarsa duk suna ciki."

"Wa ke da makulli?"

"Ni da ƙaninsa, Injiniya. Shi ma ya fi ni kuka."

A shago, Injiniya ya yi wa Insifekta lacca kyauta. "Yallaɓai, ka sayi tsohuwar kwamfutar ofis, ta fi sabuwa ƙashi. Ka ƙara mata ram, wato ƙwaƙwalwa, ka sa sabon diski mai sauri, ka kakkaɓe ƙura. Shi ke nan."

"Ta yayanka fa?"

"Allah ya isa ga ɓarawon."

Bayan mako, wani mai kemis ya shigo ofis rungume da akwatin ƙarfe, yana ta gumi.

"Insifekta, ku karɓi abarku. Magana take yi."

Aka jona ta. Fanka ta yi nishi, allon ya nuna wata shekara da ta daɗe da wucewa. Sai muryar namiji ta fito, da dariya a cikinta: "Kai yara, wa ya taɓa min kaya?"

Kofur ya koma bakin ƙofa. Matar marigayin, da aka kira, ta zauna a ƙasa.

Insifekta ya kwance murfin. Diski biyu: sabo yana sheƙi, tsohon kuma yana nan a jone. Kusa da su, ɗan batiri kamar kwabo ya yi tsatsa. Insifekta ya sa aka kawo Injiniya.

"Injiniya, me ke faruwa idan wannan batirin ya mutu?"

"Takan manta saitin da aka yi mata."

"Sai ta koma ina?"

"Tsohon diski."

"Mai kemis ya ce a shagonka ya saya. Me ya hana ka goge shi?"

"Na kunna zan goge," in ji shi, kansa a ƙasa. "Sai na ji Yaya. Na kasa."

Kofur ya sa masa ankwa. Matar ta bi su da ido har mota, sannan ta tambaya a hankali me za ta faɗa wa yaran game da baffansu. Insifekta bai da wannan a cikin doka.

Kwamfutar ta zama shaidar kotu. Mai kemis ya naɗe wayar wuta, ita kaɗai ce tasa, ya yi godiya ya fita.