Takardar da Tamu Ya Dangwala

"Zaitunata, ke kika buga ta. In dangwala?"

Tamu direba ne tsaye gaban teburinta, babban yatsansa jiƙe da tawada. Bayansa direbobi da leburori goma sha takwas sun yi layi, duk sun zuba mata ido.

Ta san abin da ke cikin takardar. Tun da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, kamfanin sayen hatsin ya ce zai rage reshen Jega, ya mayar da motocinsa Birnin Kebbi. Wanda aka sallama yana da haƙƙin shekarun da ya yi. Wanda ya ajiye aiki da kansa, ko sisi. Takardar ajiye aiki Manaja Rufa'i ya sa ta buga, da Turanci, don ya san ba mai karantawa cikinsu. Su kuwa an ce musu ta sallama ce.

Da safe ta zo da niyyar faɗa wa Tamu. Sai ta iske Barakatu a ƙofar ofis, ɗiyar wani babban manomin albasa na Aliero, wadda Innar Tamu ta zaɓa masa.

"Ke ce mai tafiretar?" Barakatu ta dube ta sama da ƙasa. "Ki buga mashi da kyau, 'yar'uwa. Da kuɗin sallamar ga za a haɗa lefena."

Maganar tana nan a ƙirjin Zaituna kamar ƙaya.

Shekara biyu Tamu yana zuwa zance gidansu. Shekara biyu Babanta na cewa direba ba miji ba ne, tana kuka, tana kare shi. Yanzu kuma da yatsunta za ta buga lefen wata?

"Hasken idona, kin yi shiru..."

"Dangwala," in ji ta.

Ya yi murmushi, ya danna yatsa. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Manaja Rufa'i ya tattara takardun yana shafa gemu. "Yarinya mai hankali. Kujerarki na nan."

Wata guda aka yi ana jira. Ranar da suka je karɓar kuɗin, aka karanta musu abin da suka dangwala wa hannu. Wani tsohon lebura, Baba Muhammadu, ya zauna a ƙasa, ya ɗora hannu a ka.

Tamu ya zo gidan su Zaituna bayan la'asar. Ya rame.

"Baban Barakatu ya ce kar in sake taka ƙofar gidanai," ya ce. "Ashe kuɗin suka jira."

Daɗi ya kama ta. Ta ji kunyar daɗin, amma ya kama ta.

"Ashe dai kana zuwa can!"

"Sau ukku. Inna ta matsa. Ba ni yi maki ƙarya." Ya sunkuyar da kai. "Abokaina na zagin ki. Na ce masu Manaja ya yaudare ki kamar yadda ya yaudare mu. Ke kaɗai kika rage man, Zaituna. In kin yarda da ni hakanan, hannu wofi, zan turo magabatana."

Abin da take so ke nan. Ga shi a tafin hannunta.

"Tamu..."

"Na'am, masoyiya."

"Na sani."

"Mi kika sani?"

"Na san abin da ke cikin takardar. Tun kafin ka tambaye ni." Hawaye ya zubo mata. "Barakatu ta ce lefenta za ka haɗa! Na ce gara ka rasa da ka kai mata!"

Ya ɗago kai.

"Baba Muhammadu lebura," ya ce a hankali, "shekara ashirin yana ɗaukar buhu. Shi ma Barakatu zai aura?"

Ya sa takalminsa ya fita.

Washegari ta hau mota zuwa Birnin Kebbi. A ofishin ƙungiyar ƙwadago ta faɗi komai, har da nata laifin, ta sa hannu. Manaja Rufa'i ya kore ta kafin mako ya zagayo. Babanta ya daina amsa gaisuwarta. Sai da aka yi wata bakwai ana kai da komo kafin kamfanin ya biya mutum goma sha tara haƙƙinsu.

Ranar kasuwa ta hange shi a tashar Jega, riƙe da jaka. Ta ratsa buhunan gero ta tare shi.

"Aliero za ka?"

"Maiyama. Wurin Inna."

"Ita fa... Barakatu?"

"Babanta ya aiko, da ya ji an biya. Na ce a gode mashi."

Ta matso kusa. "To ni fa? Na gyara, Tamu! Na rasa aikina a kanka!"

"Na ji. Allah shi saka maki."

"Shi ke nan?"

Ya dube ta, karo na farko tun ranar.

"Da kin ce in bar Barakatu, wallahi da na bar ta ranar nan. Ba ki tambaye ni ba. Ni na tambaye ki."

"Ka yafe man..."

"Na yahe. Amma duk takardar da kika miƙo man nan gaba, sai na nemi mai karanta man."

Kwandasta ya buga ƙofa, saura mutum ɗaya. Tamu ya shiga.