Ɗorawa Arba'in

A shekarar 1988 Barakatu ta kai wa mahaifiyar Raufu daddawa a Funtua. Ta tarar da shi gaban talabijin, ƙato da shi, yana danna akwatin wasan da aka kawo masa daga Legas. Wani ɗan mutum ne a ciki yake sare itatuwa. In sun ƙare, Raufu ya danna maɓalli, daji ya dawo cif.

"Sannu da aiki," in ji ta.

Ya juyo, ya manta da wasan. "'Yar Gozaki, zo ki gwada."

"Mu a wajenmu in an sare, an sare ke nan."

Raufu Bayarabe ne haifaffen Funtua, shi ke jan motar itacen ubansa zuwa gidajen burodi. Bai taɓa tambayar inda itacen ke fitowa ba. Ƙosasshe ba ya tambaya.

Wata biyar yana zuwa zance wurin Barakatu a Gozaki. Da manyansa suka je neman aure, mahaifinta Malam Mudi ya nuna musu kututture shida a bakin gonarsa.

"Ba ƙabilarsa na ƙi ba. Ɗorawar kakana ce, motarku ta kwashe ta ina jinya a Malumfashi. Da kalwarta uwar yarinyar nan ke yin daddawa. Damina ta kusa ƙarewa. Ya dasa arba'in, ya shayar da su har ruwa ya sake sauka. In ba zai iya ba, Bature ɗan maƙwabcinmu ma yana nemanta."

Rani ya yi tsawo. Raufu ya yi ta jidon ruwa da garwa biyu har kafaɗarsa ta yi kanta. Awaki suka ci wasu, gara ta ci wasu. Ya rame, ya rubuta mata:

"Hasken idona, saura tara. Nan babu maɓallin da zan danna. Na kusa haƙura."

Ta amsa: "Ɗan Alhaji, ni ma na gaji da jira. Kewaye su da ƙaya, ka bar kuka. Taka, Barakatu."

Ranar ruwan farko bakwai ne a raye. Malam Mudi ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Arba'in na ce."

"Haka ne, Baba. Su ne suka rage."

Tsohon ya daɗe yana kallon kafaɗar yaron. "Ni ba zan ga kalwarsu ba. Wanda ya yi wa ɗorawar jikokina ban-ruwa, ya cancanci ya haife su. Turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura auren a Gozaki. Allah ya zaunar da su lafiya, ya raya zuriyarsu.