Baitin da Efren Ya Rera a Ƙofar Noy Ambo

Ranar da Nila ta fara ganin Efren yana saman falwaya ne a ƙofar gidansu, kwana goma sha ɗaya bayan guguwar da ta yaye rabin rufin garin Jagna. Ta fito shanya kaya, sai ta hangi wani ɗan tsuntsu ya yi sheƙa dab da inda yake kai hannu. Ta ɗaga murya ta ce masa ya yi hankali da langgam.

Sai ta ga mutum ya shiga kakkaɓe wandonsa da hannu ɗaya yana leƙen ƙafafunsa, kamar zai faɗo. Dariya ta ƙwace mata. A bakin mutanen Bohol, tsibirin da Jagna take, langgam tsuntsu ne, a bakin 'yan babban birni Manila kuwa tururuwa.

"Dong, kai ba ɗan nan ba ne ko?" ta tambaye shi da ya sauko, da kalmar da ake kiran saurayi da ita a nan.

Ya cire hular kwano yana share gumi. Ya ce sunansa Efren, daga Manila aka turo su gyaran wuta. Ya so ya gode mata da Bisaya, harshen tsibirin, kalmomin suka fito masa a karkace, ta gyara masa sau biyu kamar yadda take yi wa 'yan aji uku da take koyarwa. Bai ji haushi ba. Ya maimaita har ya yi daidai, sannan ya dube ta yana jiran yabo. Wannan kallon ne ya bi ta har cikin gida.

Abokan aikinsa sun koma bayan wata biyu, shi kuwa ya nemi a bar shi a tsibirin, aka bar shi. Kafin nan ya samu lambarta. Saƙonsa na farko da safe yake shigowa, kafin ta tafi makaranta.

"Barka da asuba, Tsuntsuwata. Yau na koyi kalma biyar. Huɗu na saye-saye ne, ɗaya taki ce, amma sai mun haɗu zan faɗa."

Ta amsa: "Malam Tururuwa, kuskure uku ka yi a saƙon nan. Na ba ka bakwai bisa goma. Ka karya kafin ka hau falwaya."

A bakin teku, wata Lahadi bayan an fito daga coci, ya gaya mata abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Mahaifiyarsa, Nang Remedios, 'yar tsibirin nan ce. Tana da shekara goma sha shida ta tafi Manila aikatau, inda 'yan gidan suka mayar da lafazinta abin dariya, har yaran da take raino suna kwaikwayonta. Da ta haife shi sai ta rufe bakinta da Bisaya, don kada a yi wa ɗanta abin da aka yi mata. Shekararsa ashirin da takwas bai taɓa jin jimla guda ta harshen daga bakinta ba.

Nila ta saurare shi har ya gama. A ranta kuwa ta riga ta yanke hukunci shi za ta aura.

Matsalar ita ce mahaifinta. Noy Ambo mai yin kalamay ne, alewar madarar kwakwa da ake ɗurawa a ɓawonta, amma ba da ita aka san shi ba. A ƙuruciyarsa babu bikin da zai cika a yankin sai ya tsaya a fili ya yi balitaw, waƙar sa-in-sa da namiji da mace kan yi nan take, kowa na neman ƙure ɗan uwansa da baiti. Da Nila ta kawo masa maganar Efren bai ɗago daga kan tukunya ba.

"Yayarki ta auri ɗan Manila," ya ce. "Jikoki uku gare ni. In aka miƙa musu waya, sai su ce sannu Lolo, wato kaka, su mayar wa uwarsu. Ko tatsuniya ɗaya ban taɓa yi musu ba, don ba sa jin ta. Ke kaɗai kika rage mini, Inday, 'yata. Ba zan ƙara bayarwa ba."

Ta so ta ba shi labarin mahaifiyar Efren, ya ɗaga mata hannu. Ya riga ya zaɓa mata wanda ransa ke so, wato Celso, mai karanta waƙoƙi a gidan rediyo kowace Lahadi. Celso yana da murya mai daɗi da tufafi masu guga, kuma mako uku a jere yana sadaukar da waƙarsa ga "furen da ke koyarwa a Jagna". Duk kasuwa ta san wa ake nufi. Nila ta gaishe shi da mutunci duk zuwan da ya yi, ta kawo masa abin sha, ta kuma gaya masa gaskiya cewa zuciyarta tana wani wurin. Ya yi murmushi kamar bai ji ba.

Efren bai ja da baya ba. Kowace Asabar da safe sai ya zo ya tsaya a bakin rumfar tuƙin kalamay, ya ɗauki muciya ba tare da an ce ya ɗauka ba. Awa shida ake tuƙawa ba a tsayawa, hayaƙi na cika ido. Noy Ambo bai kore shi ba, bai kuma taɓa yi masa magana ba. In yana son a ƙara itace, sai ya gaya wa iska.

Ana haka sai Efren ya fara ɓacewa da yamma. In ta kira bayan tashi daga aiki, wayar a kashe. In ta tambaya, sai ya ce aiki ne ya yi yawa. Celso ne ya kawo mata labarin, cikin muryar tausayi: ai babur ɗin Efren kullum yana jingine a gidan wata tsohuwa, Nang Isyang, can kan tudu, kuma jikar tsohuwar, wata kyakkyawa, ba ta daɗe da dawowa daga birnin Cebu ba.

Kwana biyu Nila ba ta amsa saƙonsa ba. A na uku ya rubuto, ya kira ta Langga, wato abin ƙauna:

"Langga, in na yi laifi ki faɗa mini, ko da sifili za ki ba ni. Shirunki ya fi mini hawan falwaya cikin ruwan sama wuya."

Ta karanta, ta ajiye wayar. Ba ta cikin masu zama su yi kuka a kan ji-ta-ji-ta. Ana tashi daga makaranta ta hau acaɓa ta nufi kan tudun, da niyyar ta gani da idonta, in ya so komai ya ƙare a ranar.

Babur ɗin yana nan kuwa. Ta zagaya bayan gidan, sai ta ji wata murya tana rera waƙa, murya mai kaushi da ba ta san hawa da sauka ba. Aka buga sanda a ƙasa.

"Sake," in ji wata tsohuwar murya. "Waƙa na ce ka yi, ba cigiyar akuya ba."

Ta leƙa. Efren ne tsaye a gindin mangwaro da littafi a hannu, gumi ya jiƙa masa riga, Nang Isyang na zaune a kan kujera tana hararar sa. Tsohuwar nan ita ce ta yi shekara ashirin tana karawa da Noy Ambo a filin balitaw. Jikar tata ma ba ta gidan, ta koma Cebu tun makon jiya.

Da ya ga Nila littafin ya faɗi. Ya ce ya ɓoye ne don kunya, ba ya son ta ji shi sai ya iya. Ta tako ta ɗauki littafin, ta kakkaɓe, ta miƙa masa.

"Na zarge ka, Langga, ka yafe mini," ta ce. "Amma kada ka sake ɓoye mini wahalar da kake sha saboda ni. Tare za mu sha."

Daga nan gida ta wuce, ta sami mahaifinta yana ɗaura wa ɓawon kalamay jar takarda. Ta zauna a gabansa.

"Tatay, ba zan gudu ba, ba kuma zan yi aure ba da albarkarka ba. Amma Celso ba zan aure shi ba, ko zan tsufa a gidan nan. Abu ɗaya nake roƙo, ka saurari Efren sau ɗaya."

Ya ajiye jar takardar. Daga ƙarshe ya ce to, Efren ya zo neman aure irin na da, ƙofa a rufe, baiti da baiti. Amma babu wakili. Da bakinsa zai nema, in ya kasa kuma maganar ta mutu. Nila ta ce ta yarda.

Wata uku suka yi suna shiri. Da yamma tsohuwa ta gasa shi da sanda, Nila kuma ta riƙa jefa masa baiti ta waya ba zato ba tsammani, ya amsa ko yana tsakiyar cin abinci. Celso da ya ga ba sauyi, sai waƙoƙinsa suka koma kan wani furen a wani garin.

Ranar ta zo, wata Lahadi da hantsi. Maƙwabta suka cika tsakar gidan. Efren ya iso da gasassun kaji da kifi da shinkafar da aka dafa cikin saƙar ganyen kwakwa da tulun bammi. Nang Isyang na gefensa, a bayansa kuma wata siririyar dattijuwa da ta sauka daga jirgin ruwa jiya, tana riƙe da jakarta da hannu biyu. Mahaifiyarsa ce. Duk wanda ya gaishe ta da Tagalog, harshen Manila, take amsawa, idonta a ƙasa.

Nila na ciki, tana leƙe ta tsagar taga. Mahaifinta ya tsaya bayan ƙofa ya gyara murya, muryar da garin ya yi shekaru bai ji ba:

"Wane baƙo ne ke buga mini ƙofa,
da harshen aro da rigar aro?
In hanya ce ta ɓace masa,
tashar jirgi na can gangare."

Mutane suka yi dariya. Efren ya amsa:

"Ba aro na yi ba, Tatay,
gadona ne aka ɓoye mini.
Na zo na tone shi da farcena,
na same shi a bakin 'yarka."

Dariyar ta tsaya. Noy Ambo ya sake jefo baiti, yana tambayar me mai hawan falwaya zai ciyar da malama. Efren ya mayar, ya ce hannun da ya tuƙa kalamay wata bakwai ba a biya shi da ko sannu ba, ba zai gaji da neman shinkafa ba. Wannan karon tsohon aka yi wa dariya. Suka yi zagaye huɗu. A na biyar Noy Ambo ya tambaye shi, in ya tafi da ita Manila, me zai bar wa uban.

Efren ya fara da cewa ba inda zai kai ta, don ya san abin da rabuwa da gida ke yi wa mutum, ya gan shi a fuskar mahaifiyarsa. Yana zuwa kalmar ƙarshe sai ta ɓace masa. Ya buɗe baki, ya rufe. Nang Isyang ta ƙanƙame sandarta, don sharaɗi ya hana ta taimako. Nila ta dafe bango.

"Mingaw," in ji wata murya daga baya. Kewa ke nan. "Kewar gida, ɗana. Ita ce kalmar."

Da Bisaya ta faɗi jimlar duka, da lafazin mutanen kan tudu tsantsa. Efren ya juya yana kallon mahaifiyarsa, hawaye na zubo mata, ita ma kamar ba ta yarda daga bakinta maganar ta fito ba. Ya juyo ya ƙarasa baitinsa da kalmar.

Sannan Nila ta ji an zare sakata. Noy Ambo ya fito, bai dubi Efren ba, ya nufi dattijuwar ya tambaye ta 'yar wane ƙauye ce. Ta faɗa. Ya tambayi shekara nawa rabonta da gida, ta ce arba'in da ɗaya. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce mata sannu da dawowa. Sai ya juyo.

"An taimake ka, Dong, kuma na ce babu wakili," ya ce. "Amma uwa ba wakili ba ce. Baitinka na uku ya yi tsawo, ka cusa masa kalma biyu da ba ya bukata. Shigo in nuna maka."

Nila ta zame ta zauna a ƙasa, tana dariya tana kuka.

A watan Mayu aka ɗaura auren a tsohon cocin garin. Yayar Nila ta zo da 'ya'yanta uku, Efren ya zame musu tafinta tsakaninsu da kakansu. Da aka dawo gida, ango da amarya suka durƙusa gaban iyaye, kowa ya kama hannun babba ya kai goshinsa. Nang Remedios ta sa musu albarka da Bisaya, a hankali, tana lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

Noy Ambo ya ɗora tafinsa a kan Nila, ɗayan a kan Efren. Ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da lafiyar jiki, ya tsare rufinsu daga guguwa, ya ba su 'ya'ya masu jin magana. Sannan ya sunkuya kusa da kunnen angon.

"Akwai baitoci a kaina da suka fi ɗari uku, ban taɓa ba wa kowa ba," ya ce. "Ka zo da littafinka, ɗana. Ka sayi babba."

Efren ya gyaɗa kai. Nila ta lalubo hannunsa ta riƙe, jama'a suka amsa da amin.