Wanda Ya Ba Siminti Ruwa

Da safe Madam Ngumimi ta shigo caji ofis da kuka. Ta dawo daga Makurdi, inda ta je jegon 'yarta, ta tarar da gidanta na unguwar Bukan Sidi a Lafiya a kulle, mijinta Aondover ba ya nan, wayarsa a kashe.

Kafin azahar aka tsinci hularsa a burtali, da jini a jiki. Aka kamo Bobbo, makiyayin da ke bi da shanunsa ta bayan gidan. Samarin unguwa suka fara taruwa a bakin titi, suna cewa in 'yan sanda ba za su iya ba, su sun san hanyar ruga.

Sufeto Safiyullahi ya je gidan. Tsakar gidan shimfiɗe take da falalen duwatsu, ja da toka, kowane da siffarsa. Gansakuka ta kama tsakanin duwatsun ko'ina, ban da kusurwar da ke gindin mangwaro. Can simintin fes yake.

"Wa ya gyara nan?"

"Ban sani ba, Oga," in ji Ngumimi. "Lokacin da na tafi wurin a lotse yake, ruwa yana kwanciya. Maigida kullum yana faɗa a kai."

"Wa ya yi shimfiɗar tun farko?"

"Tyav. Ɗan ƙanen babansa ne, birkila."

Sufeto ya sami Tyav a wani gini kan hanyar Assakio, yana kwaɓa siminti.

"Rabona da gidan tun bara, Oga. Wani ya kira ya gyara masa, ba ni ba. Amma Bobbo ɗin nan, na taɓa jin suna faɗa a kan shanu."

"Ban tambaye ka Bobbo ba."

Tyav ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da juya cebur.

Maƙwabciyar gidan, Hajiya Muhibbat mai shagon atamfa, ita ce ta gaya wa sajen da ke tare da Sufeto cewa Aondover yana gida har ranar Alhamis, ranar da aka ga Bobbo a bayan katanga.

"Kin ga maigidan da idonki, Hajiya?" Sufeto ya tambaye ta.

"Ni da katanga tsakaninmu? Jin sa dai nake. Kullum da sassafe sai in ji ana watsa ruwa a tsakar gida, fatsal-fatsal. Har na ce masa, Baba, yaushe ka fara shuka dutse?"

"Ya amsa?"

Murmushin fuskarta ya ɗauke.

"Bai amsa ba. Kuma shi mutum ne da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa."

Sufeto ya koma gindin mangwaron, ya durƙusa, ya karci sabon simintin da makullin mota. Ko ɓarewa bai yi ba. Babu tsaga ko ɗaya, duk da zafin ranar Lafiya. Ya taka dutsen tsakiya da ƙarfi, ya ji ƙasar ta ɗan amsa. Ƙudaje suna ta zarya a bakin dutsen.

"Madam, shiga ɗaki," ya ce a hankali. "Saje, kawo min Tyav, har da jakar kayan aikinsa."

Ngumimi ba ta shiga ba. Ta tsaya a bakin ƙofa.

Da aka kawo Tyav aka zazzage jakar, guduma da igiyar awo suka faɗo, sai makullin gida da ƙaramin gicciye a jiki. Ngumimi ta dafe ƙirji.

"Na maigida ne."

"Tyav, ɗauki guduma ka ɗaga mana wannan dutse," in ji Sufeto.

Tyav bai motsa ba. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Kai ka gyara nan. Kai kake shigowa da safe kana zuba ruwa, Hajiya tana zaton maigida ne. Kai ka yar da hular a burtali. Maigidan yana ƙarƙashin nan, ko ba haka ba?"

Tyav ya zauna daɓas.

"Ya kira ni gyara. Na ɗaga duwatsu, ina cike ramin, yana tsaye a kaina yana zagi. Ya ce ni ba birkila ba ne, har ubana ya ambata. Ya mare ni. Tura shi kawai na yi, Oga. Kansa ya bugi bakin dutse."

"Ka binne shi, ka rufe, ka tsira. Me ya riƙa dawo da kai?"

Tyav ya ɗago, kamar tambayar ta ba shi mamaki.

"Sabon siminti ne. In ba a ba shi ruwa ba, yana tsagewa. Aikina bai taɓa tsagewa ba."

Sufeto ya kira ofis, ya ce a saki Bobbo, a raka shi gida da mota, a kuma watse taron bakin titi. Saje ya sa wa Tyav ankwa.

Za su fita ke nan Tyav ya waiwayo, ya ga wani kofur ya ɗaga guduma.

"Ka fara daga gefe," ya ce. "Kar ka fasa babban."

Ngumimi ta kurma ihu. Saje ya ja Tyav waje.