Sunan Hamisu a Goshin Shafi

Tun da yayana Hamisu ya rasu a hanyar Bande ban sake buɗe shafin intanet na shagon ɗinkinmu ba. Inna ta ce in cire sunansa daga goshin shafin, domin duk mai kira shi yake nema, ita kuma sai kuka.

Daren nan na zauna kan benci a ƙofar shago da ordinatar, wato kwamfuta, a cinya, garin Magarya ya yi tsit. Na jawo sunansa waje, na matso da nawa tsakiya. Gurbin ya yi mini faɗi, na kasa ajiye canjin.

Wani ya yi sallama ya zauna kusa da ni, bencin ko motsi bai yi ba. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, alhali rabonmu da ruwa tun damina.

"Ƙara wa naka girma, ƙane," in ji shi. "Mai da shi fari, zai cike wurin."

"Malam, wurin wani ne."

"Na sani. Inna ta wahala haka nan. Ajiye."

Na karkato allon don haske ya kai fuskarsa. Audugar da na sa masa a hanci da hannuna tana nan.